JAR YARINYA KO BAƘAR HAJIYA? Yadda Sayen Mota Ya Kusa Mayar Da Ni Gidanmu

'Yan uwana mata, musamman ƙannena 'yan makaranta masu karanta wannan shafi a ƙarƙashin benci alhali malama tana kan allo. Kada ku ji kunya, ni ma na yi a zamanina, yau kuma ga shi ni ce malamar, lissafi ma nake koyarwa. Labarin da zan ba ku na mota ne, amma kada wata ta ce wannan ai zancen maza ne ta juya shafi. Wallahi saura ƙiris wannan zancen na maza ya sa in haɗa akwatina.

Tun ina 'yar firamare nake da ciwon mota a raina. Babanmu, Allah ya jiƙansa, yana da wata farar Fijo 504, irin waɗanda ake harhaɗawa a Kaduna tun da aka buɗe kamfanin a 1975. Mota ce mai haƙuri kamar jakin Kano, ta ɗauke mu mu takwas ta ɗauki buhun masara ba ta taɓa cewa uffan ba. Lokacin litar fetur naira 11 ce a zamanin Abacha, sai dai samun man shi ne aiki, don Baba ya sha kwana a layin gidan mai da bargonsa. To amma ni ba Fijo ce a gabana ba. Akwai wani Alhaji a bakin layinmu mai Marsandi, irin wadda ake ce wa V-Boot, idan ta taho ko kukan inji ba ka ji, sai dai ka ga yara suna darewa. Ga kuma littattafan soyayya da muke haya a shago, waɗanda a cikinsu saurayin kirki ba ya zuwa zance a ƙafa, sai dai ya faka wata dalleliya a ƙofar gida, ya zuge gilashi a hankali, ƙamshin turare ya bugi yaron da za a aika. To ina yarinya za ta karance wannan duka ta tashi ba ta ƙulla wani abu a ranta ba? Ni dai na ƙulla, na ce in Allah ya yarda sai na shiga babbar mota baƙa wuluk, kuma tawa ta kaina.

Shekaru suka tafi, na yi aure, na haifi uku, na kama aikin koyarwa. Maigidana ɗan kasuwa ne, yana da ɗan teburinsa na yadi a Kantin Kwari, rufin asiri dai alhamdu lillahi, abin hawansa kuwa mashin ne. Ni da yara adaidaita sahu ce motarmu, tunda an hana acaɓa a Kano tun 2013.

Sai ga ranar 29 ga Mayu, 2023, sabon shugaban ƙasa Bola Tinubu ya hau mumbari a Abuja ya ce tallafin mai ya tafi. Kafin mako ya zagayo litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, zuwa watan Yuli ta wuce 600. Kuɗin adaidaita ya ninka, ga shi sai na hau biyu kafin in sauke yara a makarantarsu, in sake hawa wata zuwa tawa. Ranar da aka yi ruwa kuwa, ke dai bari. Ana cikin haka aka sayar da gidan Baba na cikin gari aka raba mana gado, na samu rabona. Inna ta ce in sayi fili, Yaya ya ce in sayi gwal, ni kuwa na ce mota. Abin da duk muka yarda da shi kawai shi ne kada kuɗin su kwana a banki, don tun da aka saki darajar naira a watan Yunin wannan shekarar kuɗi suke narkewa a hannun mutum kamar ƙanƙara a rana.

Wata Asabar da hantsi maigidan ya goya ni a mashin muka nufi wani wurin sayar da motoci. Ba zan faɗi wurin ba, ba kuma zan faɗi sunan dillalin ba, Allah ya shirye mu gaba ɗaya. Muka gaya masa abin da muke riƙe da shi, ya yi ɗan murmushi ya ce, "Hajiya, kuɗinki mota biyu za su iya saye a nan, sai ki zaɓa."

Ta farko ja ce, 'yar ɗagwas, ƙirar Pontiac Vibe ta 2009, kwatano, ko lamba ba a sa mata ba. Irin motocin nan ne da za ki ga matan Kano da yawa suna ja, masu ɗan tudun baya. Tana da wani irin tsayuwa kamar budurwar da ta ɗaura ɗamara za ta shiga tsere, tayoyinta da ƙarfen ado, ga ƙofa a baya da ake ɗagawa sama a loda kaya. Na leƙa ciki, kujerun yadi ne, gaban kuwa roba ce zalla. Na ce a raina, to, ba laifi.

Sannan ya zagaya da mu baya, ya yaye wani tampol. Tabɗi! 'Yar uwa, sai da numfashina ya ɗauke. Baƙa ce sitik, ƙirar Jamus, doguwa, tana sheƙi kamar an shafe ta da man shanu. Ya buɗe mini ƙofa na zauna, kujerar fata ta rungume ni, ya rufe ƙofar sai na ji duk hayaniyar titi ta ɗauke ɗif kamar an toshe mini kunne. Ga katako mai ƙyalli a gaba, ga taga a rufi, ga kujera da kanta take matsawa idan aka danna wani ɗan maɓalli. Ya kunna sanyi. Wallahi a wannan minti ɗaya na ga kaina ina shiga gidan biki, na ga matan dangin miji suna miƙewa, har na ga wata ƙawata da ta taɓa wuce ni a titi ina jiran adaidaita ta yi kamar ba ta gan ni ba. Na waiga na dubi maigidan, sai na ga shi ma ya tafi tasa duniyar, yana shafa bayan motar kamar mai shafa doki.

Na ce, "Malam, ya aka yi wannan da waccan kuɗinsu ɗaya?"

Ya ce, "Rabo ne Hajiya. An ɗan hau ta a gida, mai ita wani babban mutum ne, kuɗi yake nema da gaggawa. Wallahi yanzu haka mutum uku ne suke zawarcinta."

Ƙannena, ku riƙe wannan magana, don duk dillalin duniya, na mota ne ko na aure, yana da mutum uku da suke jira.

A hanyar gida muka raɗa musu suna, Jar Yarinya da Baƙar Hajiya. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Abin da ya hana ni biya nan take kawai shi ne alƙawarin da na yi wa Inna cewa ba zan fitar da ko kwabo ba sai ƙaninta ya gani. Kawu bakanike ne, sama da shekara talatin yana ƙarƙashin mota, garejinsa yana kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa inda ake sayar da kayan gyara. Na same shi da safe yana shan koko a kan wata tsohuwar taya, na zayyana masa komai, ina yi ina ƙara wa Baƙar Hajiya gishiri. Ya bar ni har na gaji, sannan ya ce, "'Yar nan, kuɗin aure kika lissafa, ba ki lissafa kuɗin cefane ba."

Na ce, "Kamar yaya, Kawu?"

Ya ce babbar mota idan ta tsufa kuɗinta ne kawai yake faɗuwa, amma cikinta bai san ta tsufa ba. Abin da take ci ranar da attajiri ya fito da ita daga kamfani, shi za ta ci a hannun malamar makaranta. Kayan gyaranta ma haka, ba a yi musu ragi don mai ita ta canza. Ya ce ba ki lura ba, tun da mai ya tashi masu manyan motoci suke ta kai su kasuwa, ƙananan kuma suna ƙara tsada? Ai shi ya sa kika ga kuɗinsu ya haɗu a tsakiya.

Daga nan ya shiga yi mini karatu, ni malama na koma ɗaliba. Ya ce ita Vibe sunanta ne na Amurka amma hanjin cikinta na Toyota ne. Kamfanin General Motors da na Toyota ne suka haɗa hannu suka ƙera ta a wata masana'anta da ke garin Fremont a jihar Kalifoniya, tagwaye suke da Toyota Matrix, kuma injinta mai lita 1.8 shi ne dai na Corolla. An daina yin motocin Pontiac gaba ɗaya a 2010, amma wannan bai dami mai Vibe ba sosai, domin duk abin da ya shafi inji, daga fulogi zuwa famfon mai, za a same shi a nan Ƙofar Ruwa, kuma kowane yaron gareji ya san kansa. Inda ake ɗan shan wuya shi ne kayan jiki, kamar fitila ko bamba, su kam nata daban ne, sai an nema. Silinda huɗu gare ta. Waccan kuwa, yadda na kwatanta masa, silinda shida ce mai lita 3.5, wato kusan ninki biyu.

Ya ce, "Ke ce mai lissafi, ɗauko birki." Na ɗauko biro na ce masa Kawu biro ake cewa, ya ce shi dai birki ya sani. Ya ba ni ƙiyasinsa na aiki, cewa a zirga-zirgar cikin gari ƙaramar za ta sha kamar lita 9 a kilomita 100, babbar kuwa kamar 13, in an kunna sanyi a cunkoso ma ta fi haka. Na auna tafiyata, gida zuwa makarantar yara zuwa tawa, da dawowa, da 'yan unguwanni, kusan kilomita 30 a rana, wato 900 a wata. Ƙaramar lita 81 ke nan, babbar 117. Bambanci lita 36. A naira 600 ya kama naira 21,600 duk wata, a lokacin da mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan yake naira 30,000. Ban san ma cewa kafin ƙarshen 2024 litar za ta haura naira 1,000 ba, da hannuna ya fi haka rawa.

Kawu ya ce wannan fa abinci ne kawai, ba a zo maganar asibiti ba. Idan za a yi wa ƙaramar juye, baƙin mai kamar lita huɗu ya ishe ta, babbar kuwa tana neman bakwai ko takwas, kuma ba kowane mai take karɓa ba, sai mai tsada. Cikinta cike yake da wayoyi da ƙananan na'urori masu kai rahoto ga kwamfutarta, ɗaya ya samu matsala sai ta ƙi tashi ko ta riƙa tafiya kamar mai ciwon ƙafa, kuma ba a gane ciwon da kunne, sai an jona mata na'ura. Wani kayan sai an aika Legas kasuwar Ladipo, wani ma sai an yi odarsa daga waje da dala. Ga ta a ƙasa-ƙasa, an yi ta ne don titin da yake shimfiɗe kamar tabarma, ba don lungunmu ba da damina take mayar da shi kogi. Ya tuna mini da gurɓataccen fetur ɗin da aka shigo da shi a watan Fabrairun 2022, ya ce a garejinsa motoci masu laulayi su suka fi jin jiki.

Don Allah kada ku ɗauka Kawu ya tsani manyan motoci. Da na ce masa to ashe dai aikin banza ne, sai ya ɓata rai. Ya ce kul, kada in ƙara faɗa. Ya ce in mutum yana da halin riƙe ta, kuma ya samu mai lafiya wadda aka kula da ita, babu abin da ya kai ta daɗi a doguwar hanya, ka tashi daga Kano ka sauka Abuja bayanka bai sani ba, ga nauyi ga kama titi. Ita kuma Jar Yarinya ya ce in shirya jin ƙarar titi a kunnena, in shirya jin kowane rami a ƙuguna, sannan motar da kowa yake so ɓarawo ma yana sonta. Ya ƙara da cewa ko a 2010 sai da kamfani ya kira irinta aka mayar don a gyara musu totur, saboda haka ita ma sai ya duba ta ciki da bai. "Ni dai abin da na sani," in ji shi, "ranar da kika matsu kika kai ta kasuwa, kafin la'asar kin samu mai saye. Waccan kuwa sai ki shekara kina yi mata wanka."

Na koma gida jikina a sanyaye, amma zuciyata ta riga ta karkata. Bayan isha'i na kai wa maigidan abinci, na zauna na fara karanta masa lissafina. Tun ban kai rabi ba na ga ya ajiye cokali.

Ya ce, "Malama, ai an wuce nan. Na ba da kafin alƙalami jiya."

Na ce, "Na wace?"

Ya ce, "Wace kuwa? Ta mutunci mana."

Ashe bawan Allah ya zari kuɗi daga jarinsa ya kai wa dillali don kada mutum ukun nan su riga mu. Bai tsaya nan ba, har ya ɗauki hotonta a waya ya nuna a majalisarsu, 'yan layinsu a kasuwa sun fara ce masa Alhaji. Raina ya ɓaci, bakina kuma ya riga hankalina. Na ce, "Yallaɓai, da kuɗin wa za a cika? Gumin ubana ne fa, ba na wani ba." Wallahi ina rufe baki na san na yi ɓaranɓarama. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Haka ne, ke da kuɗinki." Ya tashi ya wanke hannu ya fita.

Kwana uku bai ci abincina ba. Ya shigo da sallama ya fita da sallama, iyakarta ke nan. Yara suka fara tambaya ko Abba ba shi da lafiya. A rana ta huɗu na saka kaya kala biyu a jaka na goya ƙaramin na nufi wurin Inna, ina tafe ina tsara yadda zan ce ba zan koma ba sai an zo biko.

Inna ta saurare ni tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba. Da na gama ta ce, "Kuɗin naki ne, babu mai ja. Ko sisi ba shi da iko da shi sai da yardarki. Amma kunyar tasa ce. Ke kina lissafin mai, shi yana lissafin yadda zai shiga kasuwa gobe." Na ce to Inna sai in zuba gadon Baba a rijiya don kada a yi masa dariya? Ta ce, "Wa ya ce ki zuba? Ke dai ba ki da wayo. Kin je kin ji karatu wurin kawunki kin zo kina karanta wa miji kamar ɗan ajinki. Ki bar shi ya gani da idonsa mana." Ta sa na sha ruwa, ta ba ni daddawa a leda, ta ce in kama hanya kafin magariba, kuma jakar nan kada in bari maƙwabta su gan ta.

Daren nan na yi masa dambun shinkafa da zogale, abin da na san ba ya iya wucewa. Na durƙusa na ba shi haƙuri a kan maganar da na yi, don ita kam na san ban kyauta ba. Sannan na ce na amince a sayi Baƙar Hajiya, sharaɗina ɗaya ne, ya ɗauki Kawu su je su duba ta tare, shi da kansa, tunda shi ne namiji ya fi ni sanin mota. Ya yi gyaran murya ya ce ai dama haka ya yi niyya.

Kawu ya ce a je da sassafe ba tare da an sanar ba, domin mota kamar mace ce, in kana son sanin gaskiyarta ka gan ta kafin ta yi kwalliya. Injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ciwo. Muka isa ƙarfe bakwai, dillali yana ta murza ido. Abin da ya burge ni da Kawu shi ne bai taɓa komai da hannunsa ba, sai dai ya ce, "Alhaji, ɗan murɗa makullin nan kada ka tayar, gaya mini fitilun da ka gani." Maigidan ya murɗa, fitilu suka kama a gaban sitiyari, ya lissafa su. Kawu ya ce, "Ba ka ga wata mai siffar inji ba, ruwan ɗorawa?" Ya ce babu. Kawu ya ce to ita wannan dole ta kama idan an murɗa makulli, sannan ta mutu bayan mota ta tashi. In ta ƙi mutuwa akwai ciwo. In kuwa ba ta kama ba sam, to wani ne ya rufe mata baki don kada ta yi magana.

Maigidan ya gyara tsayuwa. Daga nan ba sai an ce masa komai ba. Kawu ya ce ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya sa hanci, ya ɗaga, wani wari ya taso kamar na ɗakin da aka rufe tun damina. Ya haska ƙarƙashin kujera da fitilar waya, ƙarafan duk sun yi tsatsa. Ya buɗe but ya ciro tayar safiya, sai ga busasshen taɓo a kwance a ramin. Ya zaro bel ɗin kujera har ƙarshe, sai ga wani layi a jikinsa kamar inda ruwa ya tsaya a bango. Sannan Kawu ya nuna masa wata doguwar lamba a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, haruffa da alƙaluma 17, ya ce kowace mota da tata, kamar zanen yatsa. Yaron Kawu mai ilimin waya ya shigar da ita a intanet, aka biya 'yan kuɗi, sai ga tarihin Hajiya ya fito tsirara. An yi gwanjonta a jihar Texas ta Amurka a ƙarshen 2017 a matsayin motar da ruwa ya ci. A shekarar ce guguwar Harvey ta yi ambaliya a can ta lalata dubban ɗaruruwan motoci. Tafiyar da ta yi a takarda tun a wancan lokacin ma ta fi wadda agogonta yake nunawa yanzu, wato an mayar mata da shekaru baya.

Kawu ya shafa ta ya ce, "Allah sarki. Wanda ya ƙera ki bai cuce ki ba, mutane ne suka cuce ki."

Ni kuwa ina gefe ban ce ƙala ba. Maigidan ne ya juya kan dillali, ranar na ji muryar da ban san yana da ita ba. Aka kai ruwa rana, shugabannin wurin suka shiga tsakani, aka dawo masa da kashi biyu cikin uku na kafin alƙalaminsa, sauran ya tafi. Na so in cika masa daga nawa ya ƙi karɓa, ya ce kuɗin makaranta ya biya.

Ba a wurin muka sayi Jar Yarinya ba, don Kawu ya ce ba a komawa rijiyar da aka ga mushe. Wata muka samu a wani wuri, ita ma ja, ita ma ta 2009, aka yi mata irin wannan tankaɗe da rairaya, har takardun kwastan sai da aka kai aka tabbatar. Kawu ya sa aka canza tayoyi biyu nan take, ya nuna mini wasu alƙaluma huɗu a gefen taya, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, ya ce taya tana tsufa ko ba a hau ta ba, kuma zafin Kano ba ya yi wa tsohuwar taya uzuri. A kan takarda sunana aka rubuta. Maigidan da kansa ya ce a rubuta haka.

Zan yi muku ƙarya idan na ce ban ƙara tuna Baƙar Hajiya ba. Akwai ranar da muka je wani biki a ɗaya daga cikin manyan ɗakunan taron nan, maigadi ya leƙo ya dubi motata ya nuna mini waje da sanda, wata baƙa tana zuwa a bayana ya wangale mata ƙofa har da sarawa. Na faka a bakin kwata na taka da takalmi mai tsini, raina yana suya. Washegari kuma na shiga gidan mai na ce a zuba ta dubu goma, na ga allura ta ɗaga, sai na ji sanyi. Haka nake, yau a nan gobe a can. Kuma a wannan bikin ne aka raɗa mini cewa baƙar da aka sara wa ta haya ce, awa shida aka biya. 'Yan mata masu auna saurayi da abin da ya faka a ƙofar gida, na dai gaya muku abin da na ji.

Wata fitinar da ban hango ba ita ce ƙanina. Motar ba ta da nauyi, da an taɓa totur sai ta zabura, shi kuwa jininsa yana tafasa. Ya are ta sau ɗaya zai kai Inna asibiti, sai ga bidiyonsa a waya yana juyi da ita a wurin ɗaurin auren abokinsa, ƙura ta turnuƙe, yara suna ihu a gefe. Wannan wasan mota ya sha cin rayuka a garin nan. Na karɓe makullina a gaban Inna, kuma har yau in ya ga motar sai dai ya gaishe ta daga nesa.

Na shiga makarantar koyon tuƙi na yi lasisi, na daina tsoron 'yan KAROTA, na koyi duba baƙin mai da ruwan lagireto da kaina kowace Asabar, abin da yake ba maƙwabtana dariya. Shi kuwa maigidan, in kun ji shi a majalisa yana ba da labarin yadda ya gano motar ruwa da hancinsa, sai ku rantse shi ya haifi Kawu. Har mutane suke ɗaukarsa ya raka su sayen mota. Ni dai in ya fara sai in ce, "Ai Yallaɓai Allah ne ya sa kana wurin." Mashin ɗinsa kuwa yana nan a soro ƙura ta rufe shi, don tuni ya je ya yanko makulli na biyu ba da sanina ba.

Bari in tsaya nan, ga shi can a waje yana ta danna hon, wai in fito ya sauke ni a makaranta zai wuce kasuwa da motar. Yau kwana tara ke nan rabona da sitiyarin.